Ranar da Malamai Suka Cire Mini Huluna

Ban taɓa zama a aji ba. Ko na yaƙi da jahilci da aka buɗe wa mata a ƙauyenmu Fammar ban leƙa ba, don lokacin ina da awaki da suka fi allo buƙatata. Amma ni ɗin nan an taɓa aiko mini takanas daga babbar makaranta a Kano, aka ce malamai suna son ganina. Faɗa nake ana rubutawa, kuma na gargaɗi mai rubutun kada ta gyara mini baki.

Jikata ce sila. 'Yar babban ɗana ce, sunana aka sa mata, shi ya sa ba na kiranta da komai sai Takwara. Tun daga yaye a ɗakina ta tashi, duk tatsuniyar da ke cikina ta sha ta har ta ƙoshi. Da ta girma ta tafi kwalejin koyon malanta, wai Hausa take karantawa. Na ce, "Hausar da kika tsotsa a banza ita za ki je birni a sayar miki?" Ta ce, "Iya, ke dai ki yi mini addu'a."

A shekararta ta ƙarshe aka ba su aikin kammalawa, su suna ce masa furojet. Ita ta zaɓi tatsuniyoyin tsofaffin ƙasar Kibiya, wato dai ni. Hutun nan gaba ɗaya, in an idar da sallar isha sai ta shimfiɗa tabarma, yaran gida su kewaye ni, ina yi tana rubutawa. Ta so ta ɗauki muryata a waya, ni kaɗai ba hayaniyar yara, na ƙi. Tatsuniyoyina da waƙa a ciki, in na ba da baiti sai masu saurare sun amsa sannan in wuce. Na ce mata ba na yi wa abin da ba ya amshi tatsuniya, ta kifar da wayarta. Ta yi magiya, ta yi fushi, ta haƙura ta ɗauki biro.

Sai ga ta wata rana da hantsi ba hutu ba komai, ido ya kumbura. Ina tsinken zogale ta zauna a gabana ta ce an shiga uku.

Ashe akwai wani abu a cikin wayoyin nan, ƙirƙirarriyar basira suke ce masa. Ka tambaye shi duk abin da ka ga dama ya rubuto maka kafin ka gyara zama. 'Yan ajinsu da ƙyuya ta hana zuwa ƙauye sai su ce masa, ba mu tatsuniyoyi daga bakin wata tsohuwa a ƙauye kaza. Ya zubo musu. Har tsohuwar ma shi ke ƙera ta, da shekarunta, da unguwarsu, da sana'ar mijinta. Malamai suna karantawa suka ga kakannin ɗalibai duk bakinsu ɗaya, ta Rano da ta Gaya kamar uwa ɗaya ta haife su. Sai suka yanke hukunci: duk wanda ya ce tsoho ne ya ba shi, ya kawo muryar tsohon, ko ya kawo tsohon da ƙafarsa. Wanda aka kama kuma daidai yake da mai satar amsa a ɗakin jarrabawa, korarsa za a yi.

"Ni kuma ba ni da murya, Iya. Kin hana."

Na ce, "Ke tsaya. Kin tambayi abin ko ba ki tambaya ba?"

"Wallahi shafi ɗaya ne na Turanci na ba shi ya duba mini kuskure. Malaminmu ne ya ce an yarda da wannan, kuma na rubuta a farkon aikin cewa na yi. Amma tatsuniyoyin naki ne, ko kalma ban ƙara ba. In suka ƙi yarda, shekarun nan duk sun tafi."

Tana kuka, ni kuwa tuni na miƙe na nufi adudu. Wallahi wani daɗi ne ya cika mini ciki. Malaman Kano! Na fito da zanen da nake ɓoyo saboda bikinta, na aika aka kwaɓo lalle. Kafin la'asar ba gidan da bai ji ba a unguwarmu. Matar liman ta leƙo ta ce, "Wai da gaske ke za ki je ki ba da jarrabawa?" Na ce, "Ni zan je in yi musu ita." Na soya gyaɗa mai gishiri na ƙulle a leda. Takwara ta gani ta dafe kai.

"Iya, ki rufa mini asiri. Toshiya za a ce."

"Mutum ya je wurin manya hannu sake? A gidan wa aka koya miki?"

Ta ƙwace ta ajiye a kan randa. Da ta juya na cusa abata a ƙarƙashin mayafi.

Babur ya kai mu Kibiya, daga nan muka shiga mota zuwa Rano, muka canja ta Kano. Da muka wuce Bunkure na ce ta sa abin nan ya yi mini tatsuniya in ji abokin karawata. Ta latsa, sai ga murya tana magana da Hausa tiryan-tiryan. Motar ta yi tsit. Gaskiya dai bakinsa da daɗi, ba ya tuntuɓe, ba ya tari, ba ya tsayawa neman ruwa. Na jinjina masa. Sai da ya zo ƙarshe ya sa kura ta durƙusa ta nemi gafarar akuya, wai kowa ya koyi darasi suka zauna lafiya.

Na ce, "Kurar ina ce wannan?"

Direba ya ce, "Ta birni ce, Iya. Ta yi makaranta."

Wani mai buhun barkono a baya ya yi dariya har ya ƙware. Takwara ce kaɗai ba ta yi ba. Tagar mota take kallo tana murza yatsunta.

Makarantar gari ce guda. Aka kai mu wata doguwar baranda, ga benci, ga tsofaffi jere kamar ranar awon ido, kowa da ɗalibinsa a tsaye a kansa. Na zauna kusa da wata mai kwalli raɗau, tana ta motsa baki ita kaɗai. Na ɗauka tasbihi take. Da saurayin da ya kawo ta ya matsa gefe, sai ta zungure ni.

"'Yar'uwa, ke daga wace tasha aka ɗauko ki?"

"Kamar yaya?"

"Ni goro nake sayarwa a bakin tasha. Yaron can ne ya zo ya ce in zame masa kaka na yini ɗaya. Tun shekaranjiya yake karanta mini tatsuniya daga waya ina haddacewa. Ke taki doguwa ce?"

Na ja zanena na ce, "Ni tawa jikar, haƙoranta na fari a cinyata ta gwada su."

Ita aka kira kafin mu. Ƙofar ba ta rufu sosai ba, muna ji. Ta fara da kyau, tana zubowa kamar karatun allo. Sai wani ya katse ta ya ce, "Baba, a wane gari kika ji wannan?" Can muka ji ta ce, "Ɗan nan, me ka ce sunan garin namu?" Ba a jima ba suka fito, ita tana gyara mayafi, shi gumi har ya jiƙa masa wuyan riga. Na tausaya wa uwarsa, wadda take can tana jiran takarda.

A kan wannan zafin aka kira mu.

Su uku ne a bayan tebur. Babbansu mai furfura ne, da babbar riga da hula, fuska ba annuri. Na kusa da shi matashi ne, shi ma da hula, aikin Takwara a buɗe a gabansa. Ta ukun malama ce mai tabarau. Suka ce, "Sannu da zuwa, Hajiya." Ban je Makka ba, amma na karɓa. Aka ba ni kujera mai juyi, Takwara kuma aka ce ta tsaya a jikin bango, kada ta sa baki sai an tambaye ta.

Babban ya ce, "Hajiya, akwai tatsuniyar tsohuwa mai gonar gyaɗa. Ki yi mana ita."

"Yanzu? Da rana tsaka?"

"Da dare ba ma aiki."

To, dole ta sa. Na kama bakin mayafina na ƙulle tam, na ɗaure gizo yadda iyayenmu ke yi in za a yi tatsuniya da rana, don kada mai yi ya ɓata a hanya. Ga ni a Kano kuma, ɓata ba wuya. Na ga malamar ta yi murmushi ta rubuta wani abu.

Bari in faɗi yadda tatsuniyar take a ɗakina. Mai gari ne ya kafa doka, kada kowa ya tone gyaɗa sai ya ba da izini. Shi kuma kullum da asuba ya zagaya gonar wata tsohuwa ya tona ya cika aljihu. Kurciya tana gani daga kan marke, tana waƙa tana tona shi. Ranar ƙarshe ya tsuguna a kan gidan cinnaka, suka shige masa wando, ya tuɓe ya jefar, ya ratsa kasuwa a guje gyaɗa tana zuba. Haka na yi wa Takwara, haka ta rubuta.

Amma wadda ta koya mini, kakata ta wajen uwa, ta ja mini kunne tun ina yarinya: ba a tuɓe wa babba wando a gaban manya. In akwai hula a wurin, ɓarawon biri ne, mai gari kuma shi ke kama shi a yaba masa. Duk tsawon rayuwata haka nake yi, ko tunani ba na yi, kamar yadda mace ke jan mayafi in ta ji sallamar namiji. Na ɗaga ido na ga huluna biyu, ɗaya ma da babbar riga. Sai na saki biri.

Kai, na yi tatsuniya ranar! Na yi tafiyar birin da kafaɗa, na yi muryar tsohuwa tana salati a kan ramukan gonarta, kujerar tana juyawa da ni ina bin ta. Ban ko kalli bango ba. Da na kalla da na ga Takwara tana zare mini ido kamar za su faɗo. Matashin malamin yana bin rubutu da yatsa, sai yatsan ya tsaya. Ya buɗe gaba, ya dawo baya, ya tura wa babban.

"Dakata, Hajiya. A nan babu biri. Mai gari aka rubuta."

Takwara ta ce, "Malam, don Allah..."

"Ke ba a tambaye ki ba."

Matashin ya ajiye biro ya ce, "Hajiya, tsakaninki da Allah, yarinyar nan jikarki ce? In ɗauko ki aka yi ki faɗa, ba ke za a hukunta ba."

Ni! Ni za a haɗa da mai goron tasha! Na ji wuta ta taso mini daga tafin ƙafa. Sai a lokacin na waiga na ga hawaye yana bin fuskar yarinyar, na gane abin da ke shirin faruwa: da bakina zan kore ta daga makaranta. Amma kuma in buɗe baki in ce wa mai babbar riga, a kan idonsa, ɓarawon mai babbar riga ne? Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Ba a katse ni a tsakiya. Marigayi mijina ma bai taɓa yi ba. Ku bari in kai ƙarshe, sannan ku kore mu."

Malamar ta ce, "A bar ta ta ƙarasa."

Na ci gaba, murya ba kamar da ba. Na kawo wurin da kurciya ke sauka a kan marke, na rera:

"Wa ya tone gyaɗar tsohuwa, wa ya bar mata rami?"

Na yi shiru. Ba da niyya ba, bakina ne ba ya wuce nan sai an amsa. Fanka tana juyawa a sama, malamai suna kallona, ba su san jiran me nake ba. Sai daga jikin bango wata 'yar murya mai majina ta fito, yadda take fitowa tun tana goye:

"Mai babbar riga ne, mai babbar riga."

Na sake bayarwa, ta sake amsawa, wannan karon da ƙarfi. Zan shiga na uku malamar ta ɗaga hannu, ta sauke tabarau zuwa kan hanci.

"Hajiya, birin naku babbar riga yake sawa?"

Nan na farga. Shekara da shekaru ina sauya ɓarawo, ban taɓa lura da cewa amshin ba ya sauyawa ba. Ai ba nawa ba ne, na masu saurare ne, su kuwa abin da suka taso da shi suke rerawa. Na ce, "Wani birin akwai rufin asiri." Malamar ta kifa kai a tebur, kafaɗunta suna rawa.

Babban bai yi dariya ba tukuna. Ya juya wajen Takwara ya ce, "Yanzu an tambaye ki."

Ta share fuska da bakin hijabi. "Malam, Iya ba ta yin ta iri ɗaya. In akwai mai hula a wurin, biri ne. In ƙananan yara ne sosai, mai gari ne, amma cinnakun a ƙafa suke tsayawa. In mu ne a ɗaki, har wando. In kuma mata ne zalla a gidan biki, akwai abin da ke biyo bayan wandon, ba zan iya faɗa a nan ba."

"Me ya sa ba ki rubuta haka ba?"

"Na ɗauka wannan ba karatu ba ne. Halin Iya ne kawai."

"Ai shi ne karatun."

Ya shafa gemu. Sannan ya ce magana dai magana ce, shi sai ya ji da kunnensa kafin ya sa hannu. Yana faɗa ya kai hannu ka, ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur. Sanƙo ya bayyana fes yana ƙyalli. Ya dubi matashin, shi ma ya cire tasa yana sosa ƙeya.

"To, Iya, babu hula a ɗakin nan. Rigar dai ki yi haƙuri da ita. Jikokinki ne a gabanki, a ba mu ta ɗaki."

Jama'a, ina za a sa ni! Na gyara zama, na tafa hannu, na ce ga ta nan ga ta nanku. Su uku suka haɗa baki suka ce ta zo mu ji ta, har da mai sanƙo. Na kafa dokar mai gari, na fitar da shi da asuba yana sanɗa yana tattare riga. Da kurciya ta sauka, ɗakin gaba ɗaya ya amsa, na ji ma wasu tsofaffi a baranda sun kama. Da cinnaka suka shiga inda suka shiga, na miƙe tsaye na nuna yadda ya yi tsalle. Matashin da ya tambaye ni ko ɗauko ni aka yi, yatsansa yana kan takarda amma hawayen dariya ya hana shi gani. Na ratsa da mai gari kasuwa, na bar wandonsa a rataye a kan rumfar masu daddawa, na ce ƙurunƙus.

Matashin ya ce rumfar masu daddawa tana nan a rubuce, marken yana nan, waƙar ma haka. Kalmomi ne suka bambanta nan da can. Babban ya ce wannan bambancin shi ya kwantar masa da hankali, don wadda ta fita ɗazu ko wasali ba ta sauya ba har inda haddarta ta ƙare.

Ba su sake mu nan take ba. Sun daɗe suna yi wa Takwara tambayoyi, a ina aka yi kaza, me ya sa ta jera su haka, wane shafi ta ba na'ura, me na'urar ta gyara. Ina zaune ina kallon yarinyar da na yi wa wanka a kwatanniya tana mayar wa malamai magana ɗaya bayan ɗaya. Wani abin ta ce ba ta sani ba, kuma ba su ji haushi ba. A ƙarshe babban ya ce an wanke ta. Sai dai ta koma gida ta ƙara babi a kan yadda nake sauya tatsuniya saboda masu saurare, ta kawo kafin a rufe makaranta. Ya ja takarda ya sa hannu, sauran ma suka sa.

Na ce, "An gama? Ba abin da zai canja?"

"An gama, Iya."

Sai na zaro ledata daga ƙarƙashin mayafi na ajiye a tsakanin hulunan. Takwara ta ce, "Innalillahi, Iya!" Babban ya ce ai alƙalami ya riga ya bushe, wannan tsaraba ce. Ya kwance, ya ɗebo, ya watsa a baki. Yana cikin tauna sai malamar ta sunkuyar da kai ta rera a hankali, wa ya tone gyaɗar tsohuwa. Matashin ya amsa. Mai babbar riga ya dubi rigarsa, ya dubi gyaɗar da ke hannunsa, ya yi dariyar da sai da aka miƙa masa ruwa.

A mota Takwara ta ce, "Saura kaɗan ki kashe ni, Iya." Na ce, "Ladabi na yi. Da kin faɗa mini malaman naku masu cire hula ne, da tun farko na tuɓe shi." Ta ce to yanzu zan bari a ɗauki muryata? Na ce in za ta tara yara su amsa, wayar ta zauna a gefe ta saurara kamar kowa. Ban kwance ƙullin mayafina ba sai da na ga bishiyoyin Fammar.

Yanzu tana koyarwa a wata firamare a Kibiya, in ta zo wucewa yara suna ce mata Malama. Ni kuwa da muka dawo, sati guda tabarmata ba ta naɗu ba saboda masu zuwa jin labari. Mai garinmu ma ya aiko na je. Wanda na ba shi daban, wanda na ba matan unguwa daban. Wannan da ake rubutawa shi ne na ɗaki.